Daminar da Kurkunu Ya Kwantar da Baba

Bana ruwa ya sauka da wuri a Faskari, kuma tun da ya sauka bai yi fashin da za a yi kuka da shi ba. Ina zaune a zauren gidan da muke haya, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigo mani, hannuna yana marmarin ƙotar fartanya, amma ba inda za ni. Gonarmu tana can ƙauye, bayan Yankara ta wajen dajin Sabuwa, rabona da ita tun ranar da 'yan bindiga suka tashe mu. Ƙafafuna biyu lafiyarsu lau. Wannan ne ya fi komai ci mani rai.

Shekaranjiya jikata Hadiza ta kawo mani kwanon taliya da mai da yaji, ta dire a gabana tana ƙunshe dariya, don ta san ba na ci. Ta ce ita ta gaji da tsohon miji mai tsoron taliya, za ta nemi saurayi. Na ce ta je na sallame ta, ta bar mani kwanon tuwo kawai. Yaran gidan sun mai da abin wasa, ni kuma ban taɓa gaya masu dalili ba. Abu fari, siriri, dogo, mai santsi, a naɗe shi a cokali a kai baki, ni ba zan iya ba. Na taɓa kwashe damina guda ina naɗe irinshi a jikin tsinke, daga ƙafar mahaifina.

Shekarun nan ne da ake cewa ƙasa ta yi kuɗin man fetur. Mu a rediyon mai unguwa muke jin labarin. Abin da muka gani da idonmu shi ne manyan motoci suna tsayawa a Yankara ranar kasuwa, suna kwashe samari zuwa Kaduna inda ake ta gine-gine. Wana, Yaya Sale, ya bi su bayan girbi da sunan cin rani, kamar yadda aka saba, a kan zai dawo da ruwan farko. Ruwan farko ya zo, shi bai zo ba. Sai saƙo ya aiko ta hannun wani yaron mota, cewa ɗaukar kwanon siminti ya fi noma, a yi haƙuri da shi bana. Ya haɗo da tocila da turmin atamfa na Inna. Baba ya juya tocilar a hannu, ya kunna ya kashe, ya miƙa mani ya ce in rataye. Bai ƙara tayar da maganar ba.

Kafin wannan shekara mun sha fari damina biyu a jere. Ni ake zurawa cikin rumbu in ɗebo dawa, don ni ne ƙarami, saboda haka na riga kowa sanin inda muka kwana. Da can daga bakin rumbun nake miƙa hannu. A wannan bazarar sai na dira har ƙasa, in na yi magana muryata ta dawo mani. Inna ta kan tambaye ni daga waje ko da saura, in ce da saura. Ban yi ƙarya ba, amma ba na faɗin ko nawa ne.

Sai ga damina mai kyau, irin wadda tsofaffi suka ce sun manta da ita. Muka yi shuka ni da Baba, yana gaba da sungumi yana sara, ina biye da ƙwaryar iri ina zubawa ina rufewa da dunduniya. Dawa ta fito ba gurbi, layi-layi har bakin rafi. Na tuna Baba ya tsaya a kan iyaka, hannu a ƙugu, ya ce in Allah ya yarda bana za a biya mu na baya.

Kwana kaɗan da faɗin haka ya fara zazzaɓi da ƙaiƙayi. Sai bororo ya taso mashi a idon sawun dama, yana mashi zugi kamar an ɗora garwashi. Kowa a garin ya san mene ne. Kurkunu ba baƙo ba ne a wurinmu, kowace damina sai ya kwantar da mutane, kuma ba ya zuwa sai lokacin da ake neman ƙafa. Maƙwabcinmu Malam Iro ya yi gaggawar jan nashi a shekarar farin farko, ya tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura har cinya. Sai da aka yi mashi sakiya da jan ƙarfe, muna jin ihunshi daga gidanmu. Ya warke, amma gwiwar ta lanƙwashe, tun daga nan tafin ƙafar bai sake taɓa ƙasa ba.

Da bororon Baba ya fashe aka kira Baba Tanimu wanzami. Ya zuba ruwa a wurin ya jira, sai ga kan abin ya leƙo, fari kamar zare. Ya kama shi a hankali ya ɗaura a jikin wani ɗan tsinken kara, sannan ya tambayi wa zai riƙa naɗewa kullum. Inna cikinta ya tsufa, ba ta iya durƙuso, ganin abin ma tayar mata da zuciya yake. Baba ya ce shi zai yi da kanshi. Baba Tanimu ya yi dariya ya ce mutumin da ba ya iya jiran kunu ya huce, shi za a bar ma kurkunu? Sai ya waiwayo ya dube ni.

A lokacin ina aji uku a firamare, kuma an san ni da nawa. In aka ce in ɗaure jaki, sai na koma na duba ƙullin, in dawo, in sake komawa. Baba ya ce wannan ai matsoraci ne, ko kaza ba ya iya riƙewa a yanka.

"Matsoracin nake nema," in ji Baba Tanimu. "Masu ƙarfin hali sun gurgunta mani mutane da yawa a garin nan. Zo nan, Isuhu. In ya biyo ka, ka naɗa. In ya ja, ka tsaya. Ko ubanka ne ya ce ka ci gaba, ka tsaya."

Baba ya yi dariya da jin wannan, har da Inna daga bakin ɗaki. Ni ban yi ba.

Daga ranar na bar zuwa makaranta. Kullum in gari ya waye sosai, yadda ido zai ga zare, sai in ɗauko buta da tsumma da ɗan man kaɗe. Baba ya miƙe ƙafa a kan tabarma, in kwance ɗaurin jiya, in zuba ruwa a hankali in jira. Ruwan ne ke sa shi sakin jiki. Sai in murza tsinken tsakanin yatsu biyu, kaɗan-kaɗan, ina riƙe numfashi. Akwai wani ɗan tauri da ake ji a yatsa, ba a ganinshi da ido, da na ji shi sai in tsaya. Wata rana in samu kamar gaɓar yatsa, wata rana ko rabin haka ban samu ba. In shafa mai, in kwantar da tsinken a jikin ƙafar, in ɗaure. In na fita sai na dawo na duba ɗaurin. Baba ya kan ce in na sake dawowa zai ɗaure ni tare da shi.

Ana cikin haka lokacin noman firi ya yi, wato noman farko bayan shuka. Ruwan da ya fito da dawa shi ya fito da ciyawa, harƙiya da ƙiri-ƙiri da aya-aya suka rufe ƙasa kamar an shimfiɗa koren zane. Baba ba ya iya taka ƙafar. 'Yan ƙwadago kuwa sun yi tsadar da ba mu ko tambaya ba, don duk mai ƙarfi ya tafi birni. Sai Baba ya ce a kira gayya. Shi mutum ne da bai taɓa ƙin zuwa gayyar kowa ba, ya tabbata za a zo mashi.

Aka kai akuyar Inna kasuwar Yankara, aka sayo gero da nono. Na shiga rumbu na kwaso fiye da rabin abin da ya rage. Inna da maƙwabta suka yi ta daka tun jajibere, aka dama fura ƙwarya-ƙwarya, aka tuƙa tuwo. Aka ɗora Baba a kan jaki muka tafi gona, ya zauna a gindin kaɗanya yana duban hanya.

Waɗanda suka zo ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma kusan duk sa'o'in kakana ne, sai yara irina. Wasu magidantan na kwance da nasu kurkunun, sauran suna Kaduna. Makaɗin gayya ma ya tafi. Malam Iro ya zo da sandarshi don ya taya Baba zama, ya dubi tsofaffin da ke duƙe ya ce in aka tara haƙoran 'yan gayyar nan ba za su cika baki ɗaya ba. Aka yi dariya, har Baba. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah ya jiƙansu, amma kafin rana ta take sun zube a inuwa, abin da aka nome bai wuce gindin kaɗanyar da kaɗan ba. Furar ta yi yawa. Mun yi ta shanta har ta yi tsamin da ke sa haƙori mutuwa, Inna ba ta bari an zubar da ko ludayi ɗaya ba.

Washegari Baba ya ce in ɗora shi a jaki, mu biyu za mu yi. Ya sa na ɗauko tsohon buhu, ya zauna a kai tsakanin kunya biyu, ya miƙe ƙafar a gefe, yana noma a zaune yana jan gindi. Ni ina gabanshi, amma rabin hankalina yana baya, ina tsoron kada wani kututture ya kama tsinken. Na fi waiwaye yawa a kan sara. Laka ta shiga gyambon. Bai yi kwanaki ba zazzaɓi ya dawo, wurin ya yi ja ya kumbura, Baba Tanimu ya zo ya yi ta faɗa, ya ce in ana son a yi sakiya a gaya mashi ya hura wuta tun yanzu. Daga nan Baba ya koma gindin kaɗanya, noman ya zama nawa ni kaɗai.

Daga zaune ya koya mani. Ya nuna mani yadda zan bambance ƙaramar dawa da ciyawar da ke kama da ita, in dubi farin layin tsakiyar ganye kafin in sara. Ya ce kada in bar ciyawa a kife, in karkaɗe ƙasar saiwarta in juya ta sama rana ta kashe ta. In ya ga na miƙe ina dafe baya, sai ya ce in sauya hannu, kada in tsaya. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, in ya yi shiru na san na yi.

Wata safiya ya dubi gonar ya daɗe, sannan ya miƙo mani dogon kara ya ce in je in kafa shi a inda nake ganin ƙarfina zai kai, abin da ke bayan karan mun bar ma Allah. Na tafi na kafa shi can kusa da rafi. Ya girgiza kai ya yafito ni da hannu. Na matso, ya sake yafitowa. Sai da na zo tsakiyar gonar ya sauke hannu. Na tsaya ina duban dawar da ke bayana, wadda ni na rufe irinta da dunduniyata, ta fito kyakkyawa ba laifin da ta yi.

Ko rabin ma ya fi ƙarfina. Ruwa ba ya ɗagawa. Abin da na nome yau, in aka kwana ana ruwa, gobe in tarar ya dasu ya miƙe kamar ban taɓa shi ba. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, ƙotar fartanya ta riƙa manne mani. Bayan 'yan kwanaki Baba ya ce in matso da karan. Bayan wasu kwanakin ya sake cewa. Daga baya ba ya ma faɗa, in na ga ya dubi wajen sai in je in cire in matso da shi. Tsinken ƙafarshi yana ƙara kauri da abin da nake naɗewa, gonar tana ƙara ƙanƙancewa.

A gida kuwa tuwo ya koma na dare kaɗai, sannan ya koma na wani daren. Inna ta kan fita bayan gari ta yago tafasa da rama, a dafa a kwaɗa da ɗan gishiri, in an samu ƙuli-ƙuli ranar ta yi kyau. Da safe kunu ne tsararo, kana ganin gindin ƙoƙo ta cikinshi. Itace duk ya jiƙe, hayaƙi ya cika gida, tufafinmu ba sa bushewa, komai warin danshi yake. Yunwar damina daban take da ta rani. Ko'ina ka duba kore ne shar, ƙasa tana ta haihuwa, amma ba abin da za ka kai baki.

Wata rana na kama tsinken sai na ga yatsuna suna rawa. Na sake shi da sauri, na ɓoye hannun a bayana. Inna ta gani. Ta ɗauko nata ƙoƙon kunun ta juye mani a nawa, ta ce in sha in jira jikina ya tsaya. Na ce ita fa? Ta ce cikin nan ba ya son kunu da safe. Tun daga ranar kullum haka take yi kafin in taɓa ƙafar Baba, ni kuma ina sha, don ina tsoron rawar hannun fiye da yadda nake jin kunyarta.

Ranar da ba na mantawa, an samu sararin ruwa, rana ta fito da zafi, irin ranar da in aka yi noma ciyawa ke mutuwa kafin la'asar. Baba ya tashi da kuzari. Ina zuba ruwa yana shafa ƙwaurinshi, ya ce yana jin wutsiyar, saura kaɗan, bai fi ɗan yatsa ba. Ya ce in ya fita yau, jibi zai tsaya da ƙafarshi, kuma har yanzu ana iya ceto wani abu a bayan karan. Na murza, ya biyo ni kaɗan, sai na ji taurin nan. Na tsaya.

"Ci gaba," in ji Baba.

"Ya ja, Baba."

"Na ce ka ci gaba. A jikina yake, ni na san inda ya tsaya."

Na sunkuyar da kai. Inna tana daka a bakin madafa, na ji taɓaryar ta tsaya.

"Isuhu, ni na haife ka ko Tanimu?"

"Kai ne, Baba."

"To ja shi."

Ban taɓa yi mashi musu ba a rayuwata, ko da ido. Na ce, "Ya ja, Baba," don ba ni da wata maganar. Sai ya miƙo hannu zai kama tsinken da kanshi. Ban san lokacin da na kifa a kan ƙafar ba, na rufe ta da ƙirjina, na runtse ido ina jiran duka. Dukan bai zo ba. Na daɗe a haka ina jin zafin ƙafarshi a cikina, ina jin numfashinshi a sama da ni. Can ya janye hannun, ya juya fuska wajen bango. Na tashi na shafa mai na ɗaure, na ɗauki fartanya na tafi gona ni kaɗai, ina kuka ina noma har rana ta faɗi.

Ya yi kwanaki ba ya mani magana. In yana son abu sai ya ce da Inna ta gaya ma yaron nan. Amma kowace safiya, in na zo da buta, sai in tarar ya riga ya miƙe ƙafar a kan tabarma.

Ba saura ɗan yatsa ba ne. Sai da muka shiga tsakiyar marka, ruwa yana zuba ba dare ba rana, katangun gari suna faɗuwa, sannan wata safiya na murza na ji ba tauri ko kaɗan. Na ƙara murzawa, sai ga wutsiyar ta zamo waje da 'yar lanƙwasarta. Ya fita duka, bai tsinke ba. Na ɗaga tsinken na nuna ma Baba. Inna ta yi hamdala, ta ce in kai shi bayan gida in binne. Baba Tanimu da ya zo ya duba ya ce ya fi kamu biyu, kuma in na gaji da boko in zo ya ba ni zabirar wanzanci.

Da gyambon ya fara kamewa, Baba ya ɗauki sanda ya ce da Inna ta gaya mani za mu je gona, ba jaki. Muna tafe a hankali, yana taka ƙafar kamar ba tashi ba. Karan yana nan inda na bar shi, jifa ɗaya daga gindin kaɗanya. Daga kaɗanyar zuwa karan dawa ta yi duhu, ta kai kafaɗata. Daga karan zuwa rafi ciyawa ce har ƙugu, sai ka buɗa ta sannan ka ga dawar a ciki, rawaya, siririya kamar tsintsiya, ba ta da niyyar yin komai. Baba ya shiga cikin ciyawar ya yi 'yan taku, ya tsuguna ya kama wata dawa ya duba, ya sake ta. Lokacin noma ya wuce, ko gayyar gari guda aka kawo. Ya dawo ya tsaya kusa da ni, ya dubi ɗan wurin da na yi, ya ce, "Inda ka nome ya nomu." Ita ce magana ta farko da ya yi mani kai tsaye tun ranar nan.

Da muka koma gida na ɗauko buta zan wanke mashi laka, don hannuna ya riga ya saba. Na wanke ta dama. Na kama ta hagu, sai yatsana ya taɓa wani tudu mai zafi a bayan idon sawu. Na zuba ruwa na duba da kyau, ina fatan cizon wani abu ne. Bororo ne, ƙarami, yana ƙyalli. Na yi ta wanke wurin da ya riga ya wanku.

"Tun shekaranjiya nake jin shi," in ji Baba, bai dube ni ba. "Je ka feƙo wani tsinken."

Na biyun bai fita ba sai da aka fara girbi. Abin da muka ɗaure a shekarar, jakinmu ya kwashe shi bai gaji ba. Inna ta haihu a ƙarshen marka, mace, ruwan nono bai zo sosai ba, yarinyar ba ta yi arba'in ba ta koma. Ba wanda ya taɓa haɗa wannan da kunun da Inna ke juye mani, ni ma ban taɓa furtawa ba, amma ban daina lissafa shi a raina ba. Yaya Sale ya zo da rani da rediyo a rataye da buhun masarar da ya kai mu wata damina, ya kwana biyu ya koma. Baba ya tashi da ƙafafunshi biyu, ya yi noma shekaru da yawa bayan nan, bai taɓa ɗingishi ba. Gayya ce dai bai sake kira ba har ya rasu.

Har yau na kan zauna in yi ta juya ranar nan da rana ta fito. In ce da na ja, wataƙila da ya fita. Sai in tuna tsawon da ya rage, in ce da ya tsinke. Sai in tuna ciyawar nan har ƙugu, in sake komawa farko. Ban taɓa kai ƙarshen lissafin ba.

Sai da na yi aure na haihu sannan ma'aikatan lafiya suka zo garinmu da ƙyallen tace ruwa, suka ce daga tafki ake shan kurkunu, tafkin da duk mai kurkunu ke zuwa ya tsoma ƙafa don ya ji sanyi, mu kuma mu ɗebo mu sha. Aka haƙa rijiya, abin ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Su Hadiza ko sunanshi ba su sani ba. Ni dai har gobe ko ruwan famfo aka ba ni sai na tace, wannan ma suna yi mani dariya a kai.

Bana ɗana Sani ya samu aron wata gona a bayan gari. Tana da tsawo, ƙarshenta yana kallon daji. Bara masu ita sun noma har bakin kwari, bana an ce wajen ba ya shiguwa, an ɗauki mutane a can suna tsakar aiki. Jiya da safe ya ce in zo in duba mashi inda ya kamata ya tsaya. Na tafi da shi, ƙasar baƙa, mai taushi, irin ta gonar Baba. Na zaro kara a jikin dannin wani na tafi na kafa. Na dawo na tsaya, na dubi dajin, na koma na cire na matso da shi. Na sake dubawa, na sake matsowa.

Sani ya ce, "Baba, ai wannan ko tuwon wata biyu ba zai ba mu ba."

Na ce ya bar shi a nan. Daga inda karan yake tsaye ana jin dakan matan cikin gari.